Muhawara: Shin Chaussy ne ya fi kowa sauya maganin tsakuwar ƙoda?

Malamin jami'a: A ganina babu mai binciken da ya sauya wannan fanni kamar Christian Chaussy. Ranar 7 ga Fabrairun 1980, a Munich ta ƙasar Jamus, shi da abokan aikinsa suka farfasa tsakuwa a ƙodar mutum da bugun igiyar ƙarfi daga wajen jiki, ba a sa wuƙa ba. Na'urar HM1 ce ta kamfanin Dornier. A Disambar wannan shekara rahotonsu ya fito a mujallar likitoci ta Lancet, a 1984 kuma Amurka ta amince da HM3, wani sabon samfurin na'urar. Kafin nan kwiɓi ake tsagawa, majinyaci ya yi kwana da kwanaki a gado.

Likitan tiyata: Allah ya gafarta Malam, an tsallake wasu. Tun 1976 likitoci biyu, Fernström da Johansson, a Suwidin suka ciro tsakuwa ta ɗan huji a baya. Har yau duk wadda ta haura santimita 2, ko mai rassa da ta cike ƙoda, ta wannan hujin ake fitar da ita. In aka buge irinta da na'ura, ɓarɓashin ya jeru a bututun da ke sauka zuwa mafitsara ya toshe shi, ƙoda ta kumbura. In da ƙwayar cuta a fitsarin kuwa, sai ta shiga jini.

Mai sarrafa na'ura: Dokta, yawancin gazawar da ake ɗora wa hanyar Chaussy daga hannun mai aiki take. Bugu 60 zuwa 90 a minti ya fi farfasawa kan 120, domin kowane bugu yana barin ƙananan kumfa a hanya, in na baya ya zo da wuri sai kumfar ta cinye ƙarfinsa. Ana farawa da ƙarfi kaɗan a riƙa ƙarawa, jijiyoyin jinin ƙoda su tsuke, a rage haɗarin tarin jini. Man da ake shafawa tsakanin fata da kan na'ura, in iska ta maƙale a ciki, bugun ba ya wucewa. Ga numfashi yana motsa ƙoda sama da ƙasa, dole a riƙa duba saiti a kai a kai. HM3 ta kauce wa da yawa daga cikin waɗannan: majinyaci a cikin bahon ruwa, an kashe masa zafi sosai, wurin da bugun ke sauka kuma mai faɗi ne.

Likitar hoto: Zaɓen majinyaci ma haka. A hoton CT, taurin tsakuwa in ya wuce 1,000 a ma'aunin Hounsfield, ko nisa daga fata ya haura santimita 10, kada a sa rai sosai. Ta ƙasan ƙoda da ta wuce santimita 1 tana iya fashewa amma ɓarɓashin ya kwanta a wurin. Mai juna biyu ba a yi mata wannan bugu sam, haka ma mai shan maganin tsinka jini muddin ba a dakatar da maganin ba.

Likitan tiyata: To kin kawo hujjata, Hajiya. Madubin da ake zurawa ta hanyar fitsari, wanda likita Pérez-Castro na Sifaniya ya buɗe wa hanya a 1980, in an haɗa shi da lezar holmium, wato haske mai ƙarfi da ke farfasa tsakuwa, babu ruwansa da tauri ko ƙiba. Har tsakuwar sistin, wani nau'in tsakuwa mai gagarar bugu, yana niƙe ta.

Malamin jami'a: Yana niƙewa, amma da kuɗinsa. Yawanci sai an sa barci, bututun na iya ƙujewa ko ya huje, galibi kuma a bar roba a ciki mai sa yawan fitsari da zafi, sai an sake dawowa a cire ta. Tsakuwa mai milimita 8 a saman ƙoda, mara tauri, a jikin siririn mutum, me zai sa a kai shi ga wannan? Abu ɗaya na janye: ɗora wa Chaussy yabon shi kaɗai. Abokan aikinsa Eisenberger da Schmiedt da Brendel suna cikin aikin, injiniyoyin Dornier kuma su suka ƙera na'urar.

Likitan tiyata: A kan mai milimita 8 ɗin nan na bi ka, Malam, muddin an gwada fitsari babu ƙwayar cuta, kuma an tabbatar babu toshewa a ƙasan tsakuwar.