Lesefase na mota ya ƙare kana ƙasar waje, wa ya taɓa shiga wannan halin?

Baban Sadiq, Tudun Wada:
Salam jama'a. Ƙanena ya tafi Damagaram da motata ta bodar Kongolam, giya ta lalace masa a can, makaniki ya ce sai an kawo kaya daga Kano, ga lesefase, wato takardar da duwan (kwastan na Nijar) suka ba shi ta shiga da mota, wata ɗaya aka rubuta kuma saura kaɗan ta ƙare. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa mana yadda ya yi, hankalina a tashe yake wallahi.

Direban Kwangila:
Alhaji kar ya jira ta mutu. Gobe da safe ya ɗauki lesefase ɗin da takardun mota na asali da lasin ya tafi ofishin duwan na cikin gari, ya sa mai gareji ya rubuta masa 'yar takarda cewa motar na wurinsa, ya ɗau hotonta da giyar a ƙasa. Ni haka na yi a Maraɗi lokacin da injina ya buga, suka duba suka ƙara min kwanaki suka buga hatimi, na biya aka ba ni rasit. Mutumin da ya kawo kansa daban yake a wurinsu da wanda jandarma suka tare a hanya, tun daga yadda za a yi maka magana za ka gane.

Hajiya Maman Ummi, Gyallesu:
Mu namu ya riga ya mutu kafin mu samu fita. 2023 muka je duba mahaifiyar maigida, aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, kafin mu ankara an rufe boda. Mu dai mun dawo ta wata hanyar da yara amma motar can ta zauna a gidan ɗan'uwansa har aka buɗe a watan Maris 2024. Abin da ya cece mu shi ne maigida bai tafi ba sai da ya je ya sanar da duwan inda motar take, aka rubuta. Da ya koma ɗauka an ɗan wahalar da shi da je-ka-ka-dawo, ya biya tara, amma ba wanda ya ce an shigo da ita sayarwa. Wani maƙwabcinsu da bai sanar ba ya sha wuya sosai kafin ya karɓi tasa.

Ɗan Sabon Gari:
Ni fa gani nake kuna tsawaita abu, in an gyara ya kamo hanya kawai, duk shingen da aka tsayar da shi ya ba da na goro ya wuce.

Direban Kwangila:
Haba ɗan'uwa, shinge nawa ne daga Damagaram zuwa Matamaye zuwa Dan Barto? Ka ba wannan na gaba ma ya tambaya, kuma ko ka wuce su duka a bakin boda dole ka miƙa takardar a rufe ta, nan za a ga kwanan wata. Na goro ba ya da rasit, ba abin da za ka nuna gobe.

Malam na Samaru:
Abin da mutane ba sa ganewa, wannan takardar alkawari ce ka yi wa ƙasar cewa motar nan ba a biya mata kuɗin fito ba kuma za ka fitar da ita. Ranar da wa'adi ya wuce, a idon doka ta koma kamar kayan fasa-ƙwauri, shi ya sa suke da ikon riƙe ta ko su nemi cikakken kuɗin kwastan. Na je Ghana da mota ta Seme da Aflao, kowace ƙasa da tata takardar, ta Benin ba ta yi maka aiki a Togo. Masu tafiya mai nisa sosai kuma akwai wani littafi mai ruwan ɗorawa, karne, shekara ɗaya yake yi, sai ka ajiye kuɗin jingina kafin a ba ka, kowane shafi a buga shiga a buga fita, in hatimin fita ya ɓace kuɗinka na cikin haɗari. Sannan Alhaji a duba katin inshora na ECOWAS ma, sau da yawa tare suke ƙarewa, kuma tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025 gara ya tambaya a ofis wace inshora suke karɓa yanzu.

Hajiya Maman Ummi:
Na manta, in bai iya Faransanci ba kar ya damu, Hausa ake yi a ofishin. Amma kar ya miƙa wa ɗan kamasho na bakin ƙofa takardun asali, ya shiga da kansa, kuma ya yi fotokofi ya ajiye daban.

Baban Sadiq:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tura masa duka. Malam, takardun motar da sunana suke ba nasa ba, wannan zai kawo matsala?

Malam na Samaru:
Zai iya. Ka rubuta takardar ba shi izinin tuƙa motar da lambarta da lambar shasi, ka sa hannu a buga mata hatimin kotu, ka haɗa da kwafin katin shaidarka. Tura masa hoto ta WhatsApp yau, ta asalin kuma ka ba direban da zai kai kayan giyar daga Kano ya tafi masa da ita.