Neman shawara: ina masu keke za su tsaya shan gahawa a hanyar Aburi?

Mai tambaya, daga Nima

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan wurin tsayawa.

Mu 'yan tsiraru ne daga Nima da Maamobi a birnin Akra na ƙasar Gana da muke hawan keke ranar Asabar. Da an sallame asuba muke haɗuwa a bakin Masallacin Ƙasa na Kanda, mu bi ta asibitin sojoji na 37 da Tetteh Quarshie, mu wuce Legon da Madina da Adenta har Ayi Mensah, sannan mu hau dutsen zuwa Peduase. In ƙafa ta yarda mu ƙarasa Aburi. Hanya kam mun saba da ita. Abin da ya gagare mu shi ne inda za mu zauna mu sha abu mai zafi hankali kwance.

Shagunan gahawa da muka sani duk a cikin gari suke, Osu da Labone da Airport da East Legon, kuma lokacin da muke wucewa ba su buɗe ba. Da muka gwada wani a hanyar dawowa, mai gadi ya tare mu a ƙofa ya ce a bar kekuna a bakin titi. Gilashin shagon kuwa mai duhu ne, na ciki ba ya ganin waje. Akwai wanda a cikinmu ya daɗe yana tarin kuɗi kafin ya sayi kekensa, don haka muka juya ba mu shiga ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ga yadda muke: akwai kawunmu mai ciwon sukari, akwai 'yan'uwa mata biyu da suka shigo kwanan nan, sannan akwai yayanmu da ya zauna a Italiya, shi kuma ba ya lissafa Nescafé a cikin gahawa. Ina za mu samu wurin da zai karɓe mu duka da kekunanmu da guminmu? Kuma a ina ya fi dacewa a tsaya, gindin dutse ko sama?

Mai gyaran keke, Madina Zongo

Wa alaikumus salam ƙanena. Kun yi daidai da kuka juya. Duk wurin da idonka ba zai kai kan kekenka ba, ba wurinka ba ne, komai daɗin gahawarsa. Kafin ku kalli takardar farashi, ku fara duba ko akwai tebur a waje.

Ko kun samu tebur a waje ma, ga abin da nake gaya wa masu kawo mini gyara. Ku jingina kekunan a haɗe, kan wannan a wajen bayan wancan, ku zura igiyar hular kwano ta cikin tayar gaba ku ɗaure ta da jikin keken. Bayan kun sauka ku danna giya zuwa mafi nauyi ba tare da juya feda ba. Wanda ya haye da niyyar gudu, sarƙa za ta sarƙe masa, kafin ya gyara kun taso. Ƙaramin kwaɗo na waya ba ya hana ɓarawon da ya shirya, amma yana hana mai wucewa da ya ga banza. Fitila da waya da jakar ƙarƙashin sirdi kuwa, a cire a shiga da su.

Kada a jingina keke ta ɓangaren giya. Ƙarfen da ke riƙe da giyar baya mai laushi ne, yana lanƙwashewa da ɗan bugu, sai ka ga a hawan dutse ya shige cikin waya. Ina karɓar irin wannan gyaran sosai ranar Litinin. Sannan masu siririn bakin taya su sayi ɗan ƙaramin mahaɗi su ajiye a aljihu, domin bakin famfon masu faci na kan hanya na tayar mota ne.

Hajiya mai koko, Adenta

Ɗana, sannunku da ƙoƙari. Ni ban san keke ba, amma na san mai yunwa da sassafe. Kuna neman shago mai gilashi alhali waɗanda suke buɗe a lokacinku mu ne, masu koko da masu shayi. Kafin kiran sallar farko wutata na ci.

Matsalarku ita ce kuna faɗo wa mutane kwatsam. Mutum goma su sauka a lokaci ɗaya, kowa da gumi, kowa na son a sallame shi yanzu, ga kekuna sun tare gaban tebur, masu sayen kullum ba su da wurin tsayawa. Ko ni ce sai na haɗe fuska. Amma ku zaɓi mai koko ɗaya a kan hanyarku, tsakanin Adenta da Oyarifa suna da yawa, ku je ku gaishe ta a ranar da ba ku hau keke ba. Ku ce mata duk Asabar za mu zo da ƙarfe kaza, mu kaza ne. Ku karɓi lambarta, daren Juma'a ku tuna mata. Za ku tarar ta fito da benci, ta ajiye muku buta da ruwa, ta ce wa yaro ya zauna kusa da kekunan. Ƙosai za ta jefa a mai daidai lokacin da ta hango ku. In makon ba za ku zo ba, ku faɗa mata tun da wuri, kada ta ƙara ƙullu ya kwana mata.

Koko gero ne da citta da kanumfari da ɗan barkono, yana ɗumama ciki ba ya nauyi. Kawunku a zuba masa ba sukari, mu ba ma sa wa a tukunya, sai a kofi. 'Yan matan nan kuma in an saba, cikin gida za a shigar da su su kama ruwa. Ku riƙe canji ƙanana, ba kowace ce ke son MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, da sanyin safiya ba.

Mai son gahawa, East Legon

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce a kan karin kumallo. Amma bari in tsaya wa yayan nan na Italiya, don na san abin da yake nema. Wanda ya saba da gahawar da aka niƙa aka dafa a take, garin gwangwani ba ya kashe masa ƙishi.

Ba sai an shigo da ita daga waje ba. Ana noman gahawa a ƙasar nan, galibi irin robusta, musamman a duwatsun Volta wajen Hohoe, kuma hukumar gwamnati ta COCOBOD ce ke kula da harkarta kamar yadda take kula da noman kokon da ake yin cakulan da shi. Kamfanin gahawa na Kawa Moka, misali, daga manoman Leklebi suke sayen tasu su gasa a Akra. To ya sayi niƙaƙƙiya, ya dafa a gida da 'yar tukunyar nan ta Italiya kafin asuba, ya juye a ƙaramin fulas ya sa a aljihun baya. In kuma kun yi sabo da mai shayi kamar yadda Hajiya ta ce, ku bar masa garin a kwalba mai murfi tare da tulun matsewa. Aikinsa tafasa ruwa kawai, ya bari ya ɗan huce, ya zuba, a jira minti 4 a danna. Ku biya shi kuɗin kofi cikakke kamar nasa kuka sha, kada ku ce ai garinmu ne.

Shagunan cikin gari kuma ku mai da su na ƙarshen tafiya. Kuma kada ku yi ciniki da mai gadi, umarni aka ba shi. Mutum ɗaya ya je ranar aiki da tufafin gida, ya nemi manaja, ya ce muna da mutum kaza duk Asabar wajen ƙarfe 10, muna son teburin waje da bangon da za mu jingina kekuna. Safiyar Asabar kafin masu fita da iyali su cika wuri, shago na son ciniki. Ku ma ku taimaki kanku: tawul ƙarami a goge fuska da wuya, kada a zauna kan kujerar yadi da jiƙaƙƙen wando, kada mutum takwas su sayi kofi biyu su riƙe tebur awa biyu. Sai dai a faɗa wa kowa tun a gida cewa kuɗin kofi ɗaya a Airport zai ciyar da mutum uku wajen Hajiya, domin kada a kunyata mai ƙaramin ƙarfi a gaban jama'a.

Ma'aikaciyar jinya, Maamobi

Ni maganar Kawu ce ta tsaya mini. Mama Hajiya, a gafarce ni, zan ƙara a kan abin da kika faɗa. Hana shi sukari kawai bai wadatar ba. In yana allurar insulin ko yana shan irin ƙwayoyin da ke sauke sukari, hawan dutse na iya sauke masa shi fiye da kima, a kan hanya ko sa'o'i bayan an dawo gida. Ya riƙe dabino ko alewa a aljihunsa, ba a jakar wani ba. Ya gwada jininsa kafin fita da kuma in an kai sama. Ku kuma ku san alamun: karkarwar hannu, gumi mai sanyi, jiri, magana ta fara rikicewa. In kun ga haka a sauke shi daga keke, a ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, in bai dawo daidai ba a nufi asibiti. Ya gaya wa likitansa cewa yana wannan hawan, don a duba masa yawan maganin ranar Asabar.

Gahawa kuma, abin da ake ba babban mutum mai lafiya shawara shi ne kada sinadarin kafeyin ya wuce miligiram 400 a yini, wajen kofi huɗu ke nan. Robusta da ɗan'uwa ya ambata ta kusan ninka arabika ƙarfi. Goro da ataya ma suna cikin lissafi, mutanenmu suna mantawa da wannan. Gahawa takan kai ƙarfinta cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma bayan kamar awa 5 rabinta na nan a jiki. Mai hawan jini ko bugun zuciya ya rage. Kowa ya fara da ruwa in an sauka, gahawa ta biyo baya.

Dattijo, Sabon Zongo

Yaro, kowa ya amsa maka wurin, ba wanda ya amsa maka lokacin. Ni na hau hanyar nan tun tana siririya, kafin a raba ta biyu.

Kada ku yi dogon zama a gindin dutse. Ƙafa ta yi zafi tun daga Kanda, in kuka zauna rabin awa a Ayi Mensah za ta sandare, kwanar farko za ku ji a gwiwa. Ga shi safiyar Asabar wurin cike yake da masu hawa da ƙafa don motsa jiki, motocinsu sun cika gefen titi wajen tsohuwar rumfar karɓar kuɗin hanya. Can a cika gora kawai a wuce. In za a sha kokon Hajiya, a sha tun a Adenta, rabin kofi da ƙosai biyu, sauran shimfiɗaɗɗiyar hanyar ta isa ya kwanta.

Zama na gaske a sama ake yi. Iskar can daban ce, kana hango Akra a shimfiɗe a ƙasa. Idan kun wuce gidan shugaban ƙasa na Peduase ku nuna wa yara, a nan Gowon da Ojukwu suka zauna a Janairun 1967 suna neman sulhu kafin yaƙin basasar Nijeriya. Yawancin samarinmu wucewa suke yi ba su sani ba. In kun ƙarasa Aburi, ga lambun da aka buɗe tun 1890, da jerin dogayen bishiyoyin nan a mashiga, inuwa har ta yi yawa. Nan fulas ɗin yayanku zai yi amfani. Masu abarba da ayaba da kwakwa suna bakin hanya, kuma ruwan kwakwa bayan hawa ya fi mini komai.

Abu biyu ku kiyaye. Wuraren hutawa da yawa a kan dutsen otal ne ko mashaya, suna sayar da barasa. Da safe shiru suke, amma ku tambayi junanku tun kafin ku shiga, kada a sa wani zama inda zuciyarsa ba ta so. Na biyu, gangarowa ta fi hawa haɗari. Kada a cika ciki a taso nan take, a gwada birki kafin a sako, kuma da damina duwatsu kan faɗo kan titin, a bar tazara. Ku yi ƙoƙari ku sauko kafin rana ta take, don zafin Madina da hayaniyar motocin haya na trotro da tsakar rana ba na mai keke ba ne.

'Yar'uwa mai keke, Ashaiman

Yaya, na ji daɗi da ka ambaci matan, amma ka tambaye su da kansu? Da yawanmu rage shan ruwa muke yi don tsoron rasa banɗaki, kuma ba za mu faɗa a gaban maza ba. Manyan gidajen mai na kan titin Madina zuwa Adenta sukan samu banɗaki da ɗan kanti. Ku zaɓi ɗaya mai tsafta ku mai da shi wurin tsayawa na kowa da kowa, ko an nema ko ba a nema ba, yadda ba sai wata ta ɗaga hannu ba. A sayi ruwa a kantinsu don gobe ma su buɗe muku.

Mai tambaya, daga Nima

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, ban tambaye su ba, yau zan sa ƙanwata ta ji ta bakinsu. Na karanta wa Kawu maganar ma'aikaciyar jinya, ya ce zai je asibiti kafin Asabar. Mun tsaya a kan haka: gidan mai da koko a Adenta, ruwa a Ayi Mensah, zama a sama da fulas, shagon cikin gari kuma sau ɗaya a wata ga mai hali. Hajiya, in kin amince ke za mu fara zuwa gaisarwa ranar Laraba bayan la'asar. Saura abu ɗaya, Yaya mai gyara: mahaɗin bakin tayar nan a ina ake samu?

Mai gyaran keke, Madina Zongo

Masu sayar da kayan keke na kasuwar Madina suna da shi, ba shi da tsada. Ka zo da keken don a gwada a kan bakin tayarka. Ka taho mini da na Kawu ma in duba masa birki kafin ku sake gangarowa.