Neman taimako kan labarin da ya ƙi buɗewa a Neverwinter Nights

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Mabera, cikin Sakkwato, kuma na daɗe ina buga Neverwinter Nights, wasan da kamfanin BioWare ya fitar a 2002, wanda ya zo da manhajar Aurora da ke bai wa 'yan wasa damar ƙirƙirar nasu labaran. A ganina, wasu daga cikin labaran nan sun fi na ainihin wasan daɗi, shi ya sa nake gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin in ba abokaina shawara.

Kwana huɗu ke nan ina fama da wani labari da na sauke. Na sa fayil ɗinsa a jakar modules, na zuba fayilolin hak (masu ɗauke da ƙarin kayan wasa) da na tlk (masu ɗauke da rubutun wasa) kowanne a mazauninsa, amma da zarar na zaɓi jarumina sai saƙo ya fito cewa akwai hak ɗin da ya ɓace. Ina zargin labarin yana buƙatar tsohon zubin CEP ne, wato Community Expansion Pack, tarin ƙarin kayan wasa da 'yan wasa suka haɗa, alhali sabon bugun wasan na 2018 nake amfani da shi.

Shin zubi biyu na CEP za su iya zama a jaka ɗaya ba tare da sun ɓata labaran da na riga na yi nisa a cikinsu ba? Fayilolin suna da nauyi, data kuma ta yi tsada, don haka ina son tabbaci kafin in sake saukewa. Allah ya saka da alheri.