"Presumptuous": shisshigi ne ko riga malam masallaci?

Ɗan Fagge: Jama'a a taimaka. Na aika wa maigidana na ofis saƙo cewa na riga na kira taron Laraba, na raba takardun gayyata, tun bai ce a yi ba. Ya amsa mini da kalma ɗaya, "presumptuous". Abokina ya ce wai shisshigi yake nufi. Ni kuwa aikin ofishinmu na yi.

Malama Bazazzagiya: Ɗana, shisshigi shi ne shiga sharo ba shanu, lamarin da babu ruwanka a ciki. Kai da ruwanka, sai dai ka riga malam masallaci. Asalin kalmar "presumptuous" ma Latin ne: "prae" gaba, "sumere" ɗauka. Wato ka ɗauki abu tun ba a miƙo maka ba.

Baban Yara: Malama, a gafarce ni, ban gamsu ba. Wanda ya riga malam masallaci zumuɗi ne ya ɗebe shi, a yi dariya a wuce. Bature idan ya faɗi wannan kalma akwai ɗaci a cikinta, yana nufin ka manta matsayinka. Ni a wurina wuce gona da iri ta fi kama ta.

Malama Bazazzagiya: To Alhaji, wanda ya shige gaban malam ya tsaya a wurin liman fa, zumuɗi ne kawai? Ai raini na cikin karin maganar tun asali.

Lauyan Unguwa: Ku dai raba "presumptuous" da 'yar uwarta "presumption". Ita ba kullum take zargi ba. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma da "presumed" aka rubuta shi. Haka ɗan jarida Stanley da ya iske Baturen mishan Livingstone a garin Ujiji na Tanzaniya ta yau a 1871, ana cewa "I presume" ya ce masa, wato "ina kyautata zaton kai ne". Nan ladabi ne ma.

Ɗan Fagge: Na gode. Bari in soke taron yanzu, kafin ya shigo gobe.

Baban Yara: Shi ya ce ka soke?