Ƙungiyar unguwarmu ta cije, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa tafiyar da ƙungiyar mazauna unguwa su taimaka min.

Magudanar ruwa da ta toshe ce ta haɗa mu. Muka zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, muka buɗe zauren WhatsApp, muka bi gida-gida magidanta suka sa hannu a takardar koke, muka kai wa kansila. Ya karɓa da fara'a, ya ninke ta ya zura a aljihu. Tun daga nan shiru kake ji. Daga baya aka ce aikin ba ya cikin kasafin kuɗin bana, sai dai baɗi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wani mai neman takara ya aiko cewa zai biya mana kuɗin rajista, har da hayar kujerun taro. Wasunmu sun ce a karɓa, wasu sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni ina tare da na biyun, domin cikinmu akwai 'yan jam'iyyu daban-daban, kuma tun da maganar ta taso masu zuwa taro suka ragu. Zauren ma ya koma wajen tallan 'yan takara.

Shin sai da rajista ƙaramar hukuma za ta saurare mu? A wane mataki na tsara kasafi ake shigar da buƙata, kuma ta hannun wa? Wace doka kuka rubuta a kan karɓar kuɗin 'yan siyasa?