"Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi": yabo ne ko habaici?

Maman Fa'iza, Sabon Gari: Salamu alaikum. Don Allah ku warware mini wannan. Kashegarin Sallar layya na kira dangin maigida cin abincin rana. Na tuƙa tuwon hatsi, na kaɗa miyar kuka da naman ragon da aka wuni ana gasawa, har da tattasan Diffa da na je Kasuwar Dole musamman na sayo. Ruwa kaɗai jarka 6 na saya wurin ga-ruwa. Hajiya, uwar mijina, ta yi loma biyu, ta jawo buta ta wanke hannu, ta ce: "Allah shi yi albarka. Ai zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi." Ƙannen miji suka kalli juna. Tun ran nan abin ke cina.

Malam na Garin Malam: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki. Ma'anar karin maganar ita ce, a tuna da mutum a kira shi ya fi abin da ke cikin akushi daraja. Ɗan'uwansa shi ne "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma". Godiya ta yi miki.

'Yar Zango: Malam, a gafarce ni, amma ba a zaman mata kuke ba. Karin magana da lokacinsa yake tafiya. In an ce maka bismilla kana ƙoshe, ka faɗe shi kafin ka taɓa kwano, wannan godiya ce. Amma ka ɗanɗana, ka wanke hannu, sannan ka faɗa? Ai cewa aka yi kiran ya yi daɗi, tuwon kuwa sai haƙuri. Kallon da ƙannen miji suka yi wa juna ya isa fassara.

Malam na Garin Malam: Ƙannen miji ko alkaki aka ajiye musu sai sun kalli juna.

Goggon Yara, Birni: Ku tsaya. Maman Fa'iza, ina kika zauna lokacin da take ci? In tsaye kike a kanta kina jiran ta yaba, to ke kika hana ta. Kunyar surukai ba ta gefe guda ba ce. Tsohuwa ta Birni, wadda ta tashi a gindin fadar Sarkin Damagaram, ba za ta buɗe ciki gaban matar ɗanta ba, ko da yunwa na cinta. Mu a zamaninmu ajiye kwano muke a ɗaki, mu durƙusa mu ce "Inna, ga shi", mu ja labule mu ɓace. Sai kwano ya fito a suɗe.

Abu na biyu, Maggi nawa kika jefa? Tsofaffinmu da yawa tansiyo, wato hawan jini, ya kama su, likita ya hana su gishiri, kuma bakinsu da daddawa ya saba. Ba za ta ce miki ba ta da lafiya cikin taro ba.

Maman Fa'iza: Dunƙule 4, Goggo. Kuma eh, ina tsaye da faranti a hannu.

'Yar Zango: To, na janye rabi. Rabi kawai.

Baban Sani, Mirriya: Ni abin da ya fi ba ni haushi a irin taron nan yara ne. Ɗan ƙanwata ya ture tuwo wai sai makaroni, uwarsa kuma ta kalli matata kamar ita ta yi laifi. Yanzu tukunya guda muke ɗorawa ta shinkafa da wake a gefe, wanda ya ƙi wannan ya ci wancan, ba mai roƙon kowa.

Goggon Yara: Shi ke nan. 'Yata, gobe ki sake miya, daddawa zalla, gishiri kaɗan, ki rufe ki aika mata gida. Kada ki bi kwanon.

Maman Fa'iza: Na dawo da labari. Na aika jiya da azahar. Da magariba yaro ya maido kwano a wanke, cikinsa ƙullin kuka sabuwar daka da daddawa mari uku. Ta ce a gaya mini ta gode. Yanzu wannan tukuici ne, ko cewa take tawa kukar ce ba ta da kyau?

'Yar Zango: Kukar ta fi taki kore?

Maman Fa'iza: Nesa ba kusa ba.