Waɗanne kayan koyarwa ne suka dace da ajin matan aure a unguwa?

Malama Rabi, Gwale:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da muka buɗe ajin koyon karatu da rubutun boko ga matan aure a unguwarmu, muna haɗuwa a tsakar wani gida bayan sallar la'asar ranakun Asabar da Lahadi. Ɗalibai 19 ne, kuma babbarsu tana da jikoki. Abin da muka mallaka shi ne allo guda, alli, da littattafan aji ɗaya na firamare da aka ba mu kyauta. Na lura cewa duk lokacin da na buɗe shafi mai hoton ƙwallo ko kyanwa sai jikin manyan cikinsu ya yi sanyi, har mutum uku sun daina zuwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki game da kayan da suka dace da manya masu koyo a cikin jama'a.

Malam Sani, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Waɗannan littattafai don yaro ɗan shekara shida aka rubuta su, kuma matar da ta aurar da 'ya'ya ba za ta ji daɗin maimaita "ba, be, bi" a kan hoton kyanwa a gaban 'yar cikinta ba. Magabata sun gane haka tun zamanin Yaƙi da Jahilci, shi ya sa hukumar wallafa littattafai ta Arewa, wato NORLA, da aka kafa a nan Zariya a 1954 ta riƙa buga ƙananan littattafai na musamman domin manya.

Shawarata ita ce ki fara da abin da suka riga suka sani. Yawancinsu sun yi makarantar allo, sun san baƙi da wasali, saboda haka ba jahilai ba ne, wani rubutun ne kawai ba su iya ba. Ki zo da takardar naira 500 da ta naira 50: ta farko tana ɗauke da "naira ɗari biyar" da ajami, ta biyun kuwa tana da "naira hamsin" da boko. Ki bar wadda ta iya ajami ta karanta da bakinta, sannan ki rubuta kalmar "naira" a allo da rubutun biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Na taɓa ganin wata dattijuwa ta ɗora yatsa a kan harafin nun na ajami, ta ɗago ta nuna "n" a allo, ta ce ashe abu ɗaya ne. Daga ranar ba ta ƙara fashi ba. Bayan kuɗi sai katin asibiti, kwalin magani, da sunayen da ke cikin wayoyinsu.

Hajiya Binta, Fagge:
Na yarda da Malam Sani, amma ina da ƙari. Kwali da takardar kuɗi suna jawo hankali, sai dai ba su da tsari, kuma idan aka dogara da su kaɗai za a yi wata shida ba a taɓa ƙ, ɓ da ɗ yadda ya kamata ba. Jihar Kano tana da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Ki je ki yi wa ajinku rajista, ki nemi manhaja da littafin farko na manya, domin ta wannan hanya ce ɗalibanki za su samu takardar shaida idan sun kammala.

Maman Khalifa, Katsina:
Yaya Rabi, ki duba yadda suke zama kafin ki ɗora wa littafi laifin duka. A ajinmu an samu suruka da matar ɗanta, kuma kunya ta hana kowaccensu buɗe baki, har sai da muka raba su rukuni-rukuni na mutum huɗu, kowace tare da sa'o'inta. Kayan da ya fi yi mana amfani kuwa littafin adashi ne, domin kowace mace tana son ta ga sunanta da zubinta a rubuce, ta tabbatar da idonta cewa lissafi daidai yake. Kowane mako mukan ba mutum ɗaya biro ta rubuta, sauran su duba.

Malama Rabi, Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Khalifa, kin taɓo inda ban lura ba, domin biyu daga cikin ukun da suka daina zuwa suna da surukai a ajin. Gobe da safe zan bi su gida ɗaya bayan ɗaya in ji ta bakinsu, ranar Litinin kuma, in Allah ya yarda, zan je hukumar da Hajiya ta ambata da jerin sunayen ɗalibai.